Muryar Bukar a Cikin Aisi Mai Ƙafa Takwas

A ƙarshen watan nan abokina Malam Bukar zai cika shekara bakwai da rasuwa. A tsawon wannan lokaci ban taɓa zama na rubuta komai a kansa ba, saboda ni ba ma'abocin alƙalami ba ne. Tela ne ni a unguwar Herwagana, sunana Ishaya, ranar Lahadi kuma ina buga wa mawaƙan cocinmu kibod. Amma bara da damina wani abu ya faru da ya sa na yi kwanaki ina magana da shi a zuciyata kamar yana zaune a kan bencin shagona. Tun daga nan nake jin ya kamata mutanen Gombe su san irin mutumin da ya zauna a cikinsu.

Babarbare ne, daga wani gari a Borno. Ya iso Gombe da matarsa Ya Falmata da 'yarsu Yagana a shekarun da mutane suka yi ta barin gidajensu can saboda tashin hankali. Ya kama haya a Hammadu Kafi, ya koma sana'ar da ya gada, wato sayar da huluna. Wanda ya san shi a kasuwa, mai hula kawai ya sani: dogon mutum, siriri, mai magana a hankali, da ke iya kallon kanka ya miƙo maka hular da ta dace ba tare da ya auna ba. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne tun yana saurayi yake da jarabar buɗe rediyo ya ga abin da ke ciki. A garinsu yana da ɗaki guda cike da tarkacen kayan lantarki da ya yi rabin rayuwarsa yana tarawa. Duk ya baro su. Abu ɗaya ne ya biyo shi, shi ma don ya kwana a aljihun rigarsa ne: wata 'yar baƙar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa biyu ba, wadda ake soka wa kwamfuta don a karanta abin da ke cikin aisi, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin kayan lantarki, ko a rubuta masa sabo. Masu gyara suna ce mata furogirama.

Wannan 'yar na'ura ce ta haɗa mu. Kibod ɗin cocinmu ya lalace, in an kunna shi sai fitilarsa ta kawo ya tsaya cik, ba sauti. Masu gyara biyu suka ce a nemi sabo. Wani abokin cinikina ne, ina gwada masa riga ina ƙorafi, ya ce akwai wani mai hula a Hammadu Kafi da ya taɓa tayar masa da laftof bayan kowa ya ce ta mutu. Na je ina shakka. Bukar ya saurare ni har na gama, ya ce yana jin aisin ajiya ne ya rikice, wato wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da na'ura ke ajiye karatunta a ciki. Ya ce in na samo wani kibod irin namu sak mai lafiya, zai kwafo daga can ya zuba wa namu.

Na aro a wani coci. Ranar Asabar ya zo da laftof ɗinsa a jakar huluna. Da ya iso ƙofar coci sai ya tuɓe takalmansa. Na ce masa mu ba ma tuɓewa. Ya ce ya sani, amma ƙafafunsa ba za su yarda su shiga ɗakin ibada da takalmi ba. Haka ya wuni a ƙasa da safa, ya buɗe cikin kibod biyu a kan tabarma.

Na aro ɗin ya karantu ba gardama. Da ya zo kan namu, ya maƙala wa aisin kilif, wato wani matsi mai haƙora kamar na shanya wanda ke kama ƙafafun nan takwas, sai kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Ni har na fara tunanin yadda zan gaya wa dattawan coci. Shi ko gezau. Ya canja kebul. Ya canja ramin da ya soka na'urar. Ya duba ko jar wayar kilif tana daidai da ɗan ɗigon da ke kan aisin, don ɗigon nan shi ke nuna ƙafa ta farko, in ka juya shi ka yi aikin banza, wani lokacin ma ka ƙona abin. Duk daidai suke. Sai ya ɗauko tabarau mai ƙara girma ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko tela yana yawo da allura. Na zaro ɗaya daga wuyan rigata. Ashe wani siririn man ƙyalli ne da kamfani ke shafa wa fanel, wato faifan da aisin ke liƙe a kai, don kare shi daga laima ya rufe ƙafafun, haƙoran kilif ba sa taɓa ƙarfe. Ya kankare su ɗaya bayan ɗaya da allurata. Da ya sake matsawa, kwamfuta ta faɗi sunan aisin.

Ko da ya samu shiga, bai rubuta komai ba sai da ya kwafe rikitaccen karatun da ke ciki ya ajiye. Na ce me za a yi da abin da ya lalace? Ya ce shi bai san tabbas ya lalace ba, zato yake yi, kuma ba ya goge abu a kan zato. Da la'asar kibod ya yi magana. Na buga masa waƙa guda, ya saurara da kansa a sunkuye, ya ce bai san kalmomin ba amma ya gane ta ta'aziyya ce. Ta ta'aziyya ce kuwa.

Daga ranar na kamu. Na sayi tawa furogirama, na sayi mitar auna wuta da ƙarfen narka dalma, matata Saraya tana cewa tsufa ya zo mini da wasan yara. Kowace Asabar bayan azahar Bukar yakan zo shagona, mu ture keken ɗinki gefe, mu baje tarkace a kan teburin yanka. Mun tayar da talabijin na maƙwabta, da dikoda, da ma'aunin wata mai sayar da hatsi. Mun kashe wasu abubuwan ma, ba zan ɓoye ba, shi da ni duka. In lokacin salla ya yi ya shimfiɗa ƙyallen yadi a bayan shago, ni kuma in riƙe wayar da muke gwadawa har ya idar. Bai taɓa yi mini wa'azi ba, ban taɓa yi masa ba. Gardamarmu duk a kan wuta ce da waya.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yadda abubuwa suka zama yanzu. Na'urar da a da sai ka yi saƙo Legas ko Kano ka jira, yau samari na da ita a kowane layi na masu gyaran waya, har da 'yan mata da suka iya ɗaga aisi da iska mai zafi fiye da yadda ni da shi muka taɓa iyawa. Wannan na san zai faranta masa rai, zai ja kujera ya zauna kusa da su yana tambaya. Abin da ba zai so ba shi ne gaggawa. A manhajar da ake aiki da ita akwai wani maɓalli da ke yin komai a dannawa ɗaya: ya goge, ya rubuta, ya duba. Na sha ganin yaro ya sauko da fayil daga intanet, bai san na wace na'ura ba ne, ya danna maɓallin nan a kan kayan mutane, abin da ke ciki na asali ya tafi har abada. Bukar yakan ce maɓallin an yi shi ne don wanda bai taɓa rasa komai ba. Haka kuma da ya ga wayoyin yanzu da ake liƙe su da gam, a kulle aisinsu yadda mai ita ma ba zai iya leƙawa ba, na tabbata zai juya ta a hannu ya ce an sayar maka da gida an riƙe makullin ɗaki. Sai dai ban taɓa jin ya ce zamanin da ya fi ba. Mutumin da ya baro abin da ya baro ba ya yabon jiya da arha.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci a wurinsa ya zo ne lokacin da ciwon suga ya fara cin idon Ya Falmata. A hankali ganinta ya yi ta raguwa har ta daina bambance ƙwayoyin maganinta, ta daina ganin agogo. Shi yana kasuwa, Yagana tana makarantar koyon aikin jinya. Wata rana ya dawo ya tarar ta sha na yamma da safe, jiri ya kwashe ta a tsakar gida. Asabar ɗin da ta biyo ya zo mini ba fara'a, ya ce yana so mu yi akwati mai magana. Zai kira ta a lokacin kowane magani ya gaya mata wanne ne, kuma in ta danna maɓalli ya faɗa mata ƙarfe nawa.

Aisi biyu ne zuciyar akwatin. Ɗaya na umarni, shi ke lura da lokaci ya san abin da za a faɗa. Ɗayan na ajiya, mai ƙafa takwas, nan murya za ta zauna. Na umarnin ya ba mu wuya. Muna cikin saita shi, Bukar ya yi kuskure ya gaya masa ya bi bugun agogo daga waje, alhali ba mu haɗa masa kowane agogo ba. Nan take ya kurmance. Furogirama ta daina ganinsa kwata-kwata, kamar an sa mata dutse. Shi kaɗai muke da shi, kuma a lokacin ba a samun irinsa a Gombe. Na ce ya mutu. Bukar ya ce bai mutu ba, jira yake yi, kamar mawaƙanku in mai ganga bai zo ba. Muka fasa wata tsohuwar dikoda muka ciro ɗan ƙarfen nan mai kamar ƙwayar wake da ke ba da bugu, ya liƙa masa a ƙafafu biyu. Aisin ya amsa. Ranar ce kaɗai na ga Bukar ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Umarnin tare muka rubuta, don haka ina da kwafinsa a kwamfutata. Muryar kuwa shi kaɗai ya ɗauka, a gida, da Barbarci. Da na ce ya kunna mini in ji, sai kunya ta kama shi, dattijo da furfura, ya ce magana ce tsakanin mutum da iyalinsa. Ban matsa ba. Ni na ɗinka wa akwatin riga da ragowar shadda, na sa wa maɓallin babban botin don yatsanta ya riƙa gane shi.

Bai fi shekara da 'yan watanni ba bayan haka, wata safiya yana jera huluna, ya ce wa maƙwabcinsa kansa na sarawa. Ya zauna, bai sake tashi ba. Hawan jini ne. Na bi gawarsa har maƙabarta, na tsaya daga baya lokacin da suke salla, da aka zo zuba ƙasa wani dattijo da ban sani ba ya matsa ya ba ni wuri.

Saraya ce ta riƙa shiga wajen Ya Falmata lokacin takaba, ita ta kawo mini labarin cewa akwatin bai san an yi mutuwa ba. Washegarin jana'iza, ɗaki cike da mata masu gaisuwa, sai muryar Bukar ta tashi tana kiran matarsa ta sha magani. Wasu suka firgita, wasu suka fashe da kuka. Wata daga cikin dangi ta ce a kashe shi, bai dace ba. Ya Falmata ta miƙa hannu ta lalubo akwatin ta ɗora a cinya, ta ce a ba ta ruwa, lokacin maganinta ya yi. Ba wanda ya sake ta da maganar.

Haka akwatin ya yi ta aiki shekara da shekaru. Yagana ta gama karatu, ta yi aure, ta ɗauke mahaifiyarta suka koma unguwar Gabukka. Batir kawai nake canja masa. Sai bara, a wani ruwan sama mai tsawa, yana jone da caja, wuta ta yi tsalle. Da rana tsaka Yagana ta shigo shagona da kayan aikinta a jiki, ta ajiye akwatin a kan teburin yanka. Ta ce magani ba shi ne matsalar ba, ita da mijinta suna iya tuna mata. Matsalar ita ce tun da akwatin ya yi shiru tsohuwar ta rage cin abinci, takan zauna tana danna botin ɗin tana saurare.

Na tambaye ta laftof ɗin mahaifinta. Ta ce ta daɗe da mutuwa, an canja mata abin ajiya, ba wanda ya san akwai wani abu a ciki da ya kamata a cire. Bukar bai taɓa riƙe babbar waya ba, balle saƙon murya. Akwai bidiyon bikin wani ɗan uwa da ya fito a ciki, ana ganin bakinsa na motsi, amma algaita ta danne komai.

“Baba Ishaya,” in ji ta, “in wannan ya tafi, ba mu da muryarsa a ko'ina.”

Na buɗe akwatin. Aisin umarni ya ƙone har ya kumbura, wannan bai dame ni ba tunda ina da kwafin umarnin kuma yanzu ana samun irinsa a gari. Ɗan mai ƙafa takwas ɗin kuwa a ido lafiya yake. Na maƙala kilif. Kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Na bi hanyar da na gani a wurin Bukar tun ranar farko: kebul, rami, ɗigo, tsabtar ƙafafu. Sai ta gan shi, amma abin da ta karanto fanko ne daga sama har ƙasa, irin abin da kake gani in aisi sabo ne ba a taɓa rubuta masa komai ba. Yagana tana kallon fuskata, ba allon ba. Na ce mata fanko irin wannan sau da yawa ƙarya ne, yana nufin ba a taɓa shi da kyau ba ne. Na faɗa ne don ita, amma ni ma ina bukatar ji.

Na sa mita, sai na ga wutar da furogirama ke turawa tana zubewa tun kafin ta isa. Ƙonannen aisin da ke kan fanel ɗaya da shi ne ke shanye ta. Ma'ana muddin ɗan ƙaramin yana liƙe a wurin, ba zai karantu ba, dole a ɗaga shi. Sai kuma na tuna wani abu da ya sa na zare na'urata daga kwamfuta da sauri. Irin waɗannan baƙaƙen furogirama na kasuwa suna da wani lahani: a wasu ƙafafun sukan tura wuta fiye da yadda irin wannan aisi ke so. Lafiyayye yakan jure. Wanda tsawa ta riga ta girgiza, ba ni da tabbas. Bukar ya gyara tasa tun da daɗewa, ya ɗaga wata ƙafa ya yi mata gada da siririyar waya. Tawa kuwa yadda na saye ta take. Na tambayi Yagana ko kayan aikin babanta suna nan. Ta ce suna cikin jakar hulunansa a ƙarƙashin gadon mahaifiyarta, ba wanda ke taɓawa.

Washegari ta zo da ita. Gadar nan tana nan, ɗaurin dalmarsa ƙarami mai sheƙi kamar ɗigon ruwa. Saura ɗaga aisin. Na kunna ƙarfe, na ɗauki hantsaki, sai na ga hannuna yana rawa. Shekaru sun zo, yanzu ko zare sai an zura mini a allura. Zafi ya yi yawa ka dafa shi, ka ja da wuri ka karya ƙafa. Na ajiye hantsakin na gaya mata gaskiya. Ta dube ni, ta wanke hannu a butar shago kamar za ta shiga ɗakin haihuwa, ta ce ita da ke samun jijiyar jariri, in nuna mata inda za ta kama. Ni na riƙe ƙarfen na malala dalma a ɓangarorin biyu, ita ta riƙe aisin, na ce kada ta ja, ta bari sai ya sake da kansa. Ya taso a bakin hantsakinta kamar ƙwayar shinkafa, ƙafafunsa takwas cif.

Muka zaunar da shi a kan furogiramar Bukar. Na rufe ɓangaren allon da maɓallin gogewa yake da ƙyalle, don kada ko da tsautsayi hannuna ya je can. Kwamfuta ta faɗi sunan aisin. Na ce ta karanta, allo ya cika da haruffa da lambobi. Na ajiye, na sake karantawa, na gwada na biyun da na farko, suka zo daidai ba bambanci.

Na juya karatun ya koma sauti, na kunna a sifikar kibod ɗina. Muryarsa ta cika shago, da 'yar gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana. Karon farko ke nan da na ji abin da ya hana ni ji. Ban fahimci kalmomin ba. Yagana ta juya baya ta fuskanci yadduka. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya: kiran safe yana nan, na rana yana nan, lambobin agogo duk suna nan. Da muka zo kan na magariba sai shuuu kawai. Aisin umarni, a lokacin da yake mutuwa, ya goge wannan sashen. Na karanta ta kowace hanya da na sani. Babu shi.

Mijin Yagana, mutumin kirki ne kuma ɗan zamani, ya ce wannan ba abin damuwa ba ne yanzu. Akwai manhajar da in ka ba ta muryar mutum za ta faɗi duk abin da ka rubuta da muryarsa. Ya gwada, ya kunna mana, kamar da muryarsa kuwa ta yi yawa. Nan ma na tambayi kaina me Bukar zai ce. Na san zai so ya buɗe ta ya ga yadda take yi. Ko zai yarda a sa masa magana a baki bayan ya tafi, wannan ban sani ba, kuma na ga ba ni ne zan yanke ba. Na sa wa akwatin sabon aisin umarni, muka mayar da ɗan mai ƙafa takwas wurinsa, sannan muka ce a kai wa mai akwatin maganar.

Na sami Ya Falmata a tsakar gida a kan darduma, ta rame. Na sa mata akwatin a hannu, ta shafa rigar shaddar, ta lalubo botin ta danna. Ya faɗa mata lokaci. Ba ta yi kuka ba. Ta amsa masa da kalma ɗaya a hankali, yadda mace ke amsa kiran miji daga wani ɗaki. Sannan Yagana ta gaya mata na magariba ya ɓace, surukinta ya kunna mata na manhajar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Da ya ƙare ta girgiza kai.

“Maƙogwaronsa ne,” ta ce, “amma ba shi ba ne. Wannan ba ya numfashi. Ku bar shi ya huta, abin da ya faɗa ya faɗa.”

Yagana ta ce to ita za ta ɗauki na magaribar da muryarta. Tsohuwar ta ce muryarta tana jin ta daga safe har dare, faɗa ne kawai a ciki. Sai ta juyo da fuskarta wajen da nake.

“Malam Ishaya, ba tare kuka yi akwatin ba? Abokin aiki in ɗaya ya gaza, ɗayan ke ƙarasawa. Kai za ka faɗa.”

Na ce ni Batangale ne, Barbarcina bai wuce gaisuwa ba. Ta ce za ta koya mini, ta haddace shi. Ma'anarsa, kamar yadda Yagana ta fassara mini: Falmata, rana ta faɗi, ki ci abinci tukuna sannan ki sha farar ƙwayar, kada ki yi mini wayo. Muka zauna tana faɗa ina maimaitawa. Ta ce ina furta shi kamar wanda ya cika baki da gyaɗa. Da na kai kan “kada ki yi mini wayo” sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana share ido da gefen mayafi. Yagana ta ce rabon da ta ji wannan dariyar tun mahaifinta na da rai. Na so mu gyara furucin, tsohuwar ta ce a'a, wannan mai gyaɗar take so. Ranar ta ci tuwo.

Yanzu muryar tana ajiye a wurare da yawa, a wurina, a wayar Yagana, da wajen wani ɗan uwansu a wani gari. Duk da haka na san aisi ma yana mantuwa in shekaru suka yi nisa, waya takan faɗa ruwa, kuma wata rana ba za a sami wanda ya san muryar waye ba. Idan na auna abin da ya rage na Bukar, ba na sa wannan a gaba. Ya zo garin nan ba shi da kowa, ya rasu ya bar matar da ba ta gani a hannun mutanen da suka ɗauke ta tasu. Saraya takan kai mata kunun gyaɗa ba suga. Yagana ta karɓi jakar kayan aikinsa, ranar da ba ta da aiki takan zo shago, ni ina faɗa ita tana riƙe ƙarfe, kuma ta fi mu duka biyun tsabtar hannu. Ni kuma, tela daga Herwagana, ina da gida a Gabukka da nake shiga ba sai an yi mini iso ba.

Makon jiya na je gaishe ta, hira ta ja har rana ta faɗi. Akwatin ya buɗe baki da muryata, na ji kunya kamar in nutse. Ta yi dariyarta, ta miƙa hannu a ba ta abinci.

“Da safe mijina ya tashe ni,” ta ce, “da yamma abokinsa ya ba ni dariya. Ka nuna mini tsohuwar da ta fi ni gata a garin nan.”

Allah ya jiƙanka, Bukar, ya sanyaya makwancinka. Tana shan maganinta.